An Riga An Yi Wa Hannunsa Addu'a

Goggo Verna,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Na rubuta na yage ba sau ɗaya ba. Na sauya sunayen kowa. Na zaɓi jaridarku ne don ba ta zuwa garinmu, ƙanwata ce ke aiko mini da ita daga Iowa in ta gama karantawa.

Ni mai kiran gwanjo ne a kasuwar shanu ta wani ƙaramin gari a yammacin Nebraska. Shekarata arba'in da uku, kuma tun da na gama sakandare ban taɓa yin wata sana'a ba. Kowace Laraba nakan hau dakali in riƙe lasifika, a riƙa shigo da shanu garke-garke ina kiran farashi tun hantsi har la'asar. Wanda ya gan ni a can zai ɗauka ni mai baki ne. Ba haka ba ne. Da na sauko, ko abincin da ban ce a kawo ba aka ajiye mini a gidan abinci, sai in cinye in yi godiya. Matata Marlys takan ce wai bakina na haya ne, ranar Laraba kaɗai yake aiki.

Ina da ɗabi'ar rubuta abin da ya faru kullum: yanayin gari, yadda kasuwa ta ci, abin da na ci. Da na koma baya na duba, tun farkon bazara na rubuta cewa maɓallin wuyan rigata ya fara matse ni. Na ɗauka ƙiba ce, har na daina cin kek a kasuwa. Sai da Marlys ta sa hannu ta ji wani ƙululu, ta tasa ni gaba zuwa asibiti. Suka ɗauki hoto, suka tsira allura suka ɗebi kaɗan suka aika gwaji. Sakamako ya dawo: ciwon daji ne a 'yar tsokar nan ta gaban wuya da likitoci ke kira tayirod, wadda in ta kumbura take zama maƙoƙo. Sun ce irin mai tafiya a hankali ne, kuma yawancin masu shi suna warkewa. Amma dole a cire tsokar gaba ɗaya, kuma akwai wasu 'yan ƙululai a gefen wuyan da ba su gamsu da kamanninsu ba.

Likitan fiɗa ɗaya gare mu a duk gundumar, zan kira shi Dokta Pavlik. Ina so ki fahimci ko wane ne shi kafin ki yanke mini hukunci. Ina ɗan sha shida bijimi ya matse mahaifina a jikin ƙofar ƙarfe. Ana ƙanƙara ranar, hanya ta toshe, jirgi ba ya iya tashi. Dokta Pavlik ya zo asibiti a kan tarakta, ya buɗe cikin mahaifina ya tsayar da jinin. Baba ya ƙara shekara ashirin a duniya. Cocinmu ɗaya da shi. Yana da 'yan shanunsa, ranar Laraba in ba shi da aiki yakan zauna a layin gaba yana yi mini inkiya da hula. Har yau bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai "ɗan Emil".

Ranar da ya gaya mana sakamakon, ya duba kalanda ya ce zai yi mini aikin a ƙarshen wata mai zuwa, don in samu in warke kafin babbar kasuwar maruƙa ta kaka. Na ce to. Ban san akwai wata amsa ba.

Kin san layin addu'a na matan coci, wannan ta kira waccan a waya, waccan ta kira ta gaba. Kafin mu isa gida Marlys ta riga ta kira ta farko daga cikin mota. Ba ciwon kaɗai ta faɗa ba, har da ranar aikin da sunan likitan. Ban hana ta ba. Ina jinta, har na gyara mata kwanan watan.

Ranar Lahadi fasto ya kira ni gaba. Sai kuma ya ce Dokta Pavlik ma ya taso. Jama'a suka kewaye mu, wasu sun dafa kafaɗata, wasu bayana. Fasto ya kama hannayen likitan biyu ya ɗaga sama kamar wanda ya ci dambe, ya roƙi Ubangiji ya bi da hannayen nan ranar aiki. Dattijon likitan nan na ga idonsa ya kawo ruwa. Amin ɗin da na ce ya fi na kowa ƙarfi, don muryata ba ta iya ɓuya. Kafin a watse mata sun raba kwanakin kawo mana abinci. Matar likitan ce ta karɓi ranar farko, ta ce in faɗi ko taliya da nama nake so ko dankali da cuku.

Har nan hankalina a kwance yake. Laraba ta gaba ce ta rikita ni.

Muna shan kofi kafin a buɗe kasuwa, Hollis, mai kasuwar kuma maigidana, yana ba kowa labari. Ya ce mini, "Kai malalaci, in dai Pavlik ne ka saki jikinka. Shi ya ciro mini tsakuwa daga ciki har ya ba ni a kwalba, tana kan talabijin ɗina. In ma ya yanke maka muryar, ai shanu sun huta, mu ma mun huta." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Akwai wani mai sayen shanu da ke zuwa daga Wyoming, Lyle. Shekara da shekaru na san shi da taya farashi da yatsa, in zai yi magana kuma sai ka kai kunne kusa da bakinsa. Ban taɓa tambayar dalili ba. Shi bai yi dariya ba. Da aka tashi ya ja ni gefe, ya sassauta ƙyallen wuyansa ya nuna mini tabo. A can wani gari aka yi masa irin aikin da za a yi mini, wani likitan daban. Ya ce da 'yar muryar nan tasa kamar iska na fita daga taya, "Tambaye shi guda nawa yake yi a shekara. Ni ban tambaya ba."

Ranar nan sau biyu ina ɓata lissafi a kan dakali, abin da ban taɓa yi ba. Hollis ya ɗaga kai ya ce, "Yau kuma wa ya aro maka baki?"

Na koma gida na yi ta karatu a waya. Ashe akwai wata siririyar jijiya da ke bi ta bayan tsokar, ita ke motsa murya. In aka taɓa ta murya ta dishe, wani lokaci ta dawo, wani lokaci shi ke nan. Akwai kuma wasu 'yan ƙwayoyi kamar ƙwayar shinkafa a wurin, in suka lalace sai mutum ya yi ta shan magani saboda tsukewar jiki. Ko'ina na duba magana ɗaya ce: likitan da ya saba yin aikin ya fi tsallake waɗannan. Amma ban sani ba ko na fahimta daidai. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, kuma na san waya tana iya tsorata mutum a kan ciwon kai ma.

Na shirya tambayar tsaf. Na yi ta maimaita ta a mota har na haddace. Ranar da na koma a auna ni, ya gama dubawa ya dafa gwiwata ya ce, "Akwai tambaya, ɗan Emil?" Goggo, buɗe bakin da zan yi sai na ji na ce, "Ya 'yan karsanan nan da ka saya, sun saba da wurin?" Muka yi ta hirar karsana har nas ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ina ɗaura takalmi, shi da kansa ya ce kar in damu, yana yin irin wannan aiki lokaci-lokaci. Na rubuta kalmar nan a littafina, kullum sai na buɗe na dube ta. Lokaci-lokaci, kowane mako ke nan? Ko sau biyu a shekara? Mutanen gundumarmu duka ba su cika filin ƙwallo ɗaya ba. Wuya nawa za a samu?

Na yi wani abu da nake jin kunyarsa. Na faka a bayan kasuwa na kira wani babban asibiti a Omaha. Matar da ta ɗauka ta ce suna da likitar da wannan aikin kaɗai take yi, amma sai likitana ya tura ni, a aiko musu da hotuna da sakamakon gwaji. Kuma ganin farko ma zai faɗo ne bayan ranar da aka riga aka sa mini a nan. To mai kula da takardu a asibitinmu ita ce ta uku a layin addu'a. Ba yadda za a yi in nemi takarduna da safe labari bai kai gidan Dokta Pavlik kafin abincin rana ba.

Na ɗan taɓa wa Marlys zancen, a kaikaice, wai na ji wasu suna zuwa birni. Ta ajiye farantin da take gogewa ta ce, "Da wace fuskar kake so in shiga coci? Mutumin da ya hau tarakta saboda babanka? To ka je ka ce masa hannunsa bai yi maka ba, ni dai ba da ni ba." Sai kuma ta fashe da kuka ta ce ita dai a cire abin nan daga wuyana ko yau ne, ba ta iya barci tana sane yana nan yana girma. Na ce wasa nake yi. Tana da gaskiyarta. Omaha tafiyar wuni ce, mahaifiyarta kuma tana gidanmu, mantuwa ta kama ta, ba a barinta ta kwana ita kaɗai. Ga shi asibitin wata gunduma da ke maƙwabtaka da tamu ya rufe saboda kowa birni yake tafiya. A nan in ka kai ciwonka wani wuri, kallon wanda ya ci amanar gari ake yi maka. Ni kaina na taɓa yi wa wasu wannan kallon.

Abin da ke ci mini rai, ban san ko girman kai ne ke damuna ba. Wane ne ni da zan auna mutumin da ya shekara arba'in yana fiɗa? Kuma na tsaya gaban jama'a na ce amin. In na juya yanzu, ba na nuna ke nan ban yarda da addu'ar ba? Wani lokaci sai in ce Lyle ƙaddararsa ce kawai, in manta. Sai Laraba ta zo in gan shi ya ɗaga yatsa.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Ba mutuwa nake tsoro ba, wataƙila don sun ce da wuya. Abin da nake gani shi ne na hau dakali ranar kasuwar maruƙa, wuri ya cika, na buɗe baki iska kawai ta fito. Ba ni da gona, ba ni da wata takarda. Mu masu gwanjo mukan gwada baki a hanya, kowane turken lantarki da muka wuce sai mu yi kamar muna gwanjonsa. Tun ina saurayi ban taɓa wuce turke ban sayar ba. Yanzu shiru nake tuƙi, wai ina tattalin muryar, ko kuma ina koyon zama babu ita, ban sani ba.

Ranar tana matsowa. Matar likita ta sake tambayata taliya ko dankali. Me zan yi, Goggo? In yi shiru in miƙa wuya, ko in kunyata dattijon da ya ceci mahaifina a gaban gari duka?

Mai Gwanjo, yammacin Nebraska


Ɗana Mai Gwanjo,

Sannu da wannan nauyi. Ka ajiye maganar girman kai tukuna. Mai girman kai ba ya cinye abincin da bai ce a kawo ba ya yi godiya.

Ni ba likita ba ce, don haka na kai wasiƙarka wurin wata ƙawata da ta shekara da shekaru tana aikin nas a ɗakin fiɗa. Ta ce ka fahimci abin da ka karanta daidai. Binciken da aka yi ya nuna masu yin wannan aiki sama da sau ashirin da biyar a shekara sun fi samun sakamako mai kyau, kuma in har sai an taɓa ƙululan gefen wuya, aikin ya ƙara girma, sabo ya ƙara muhimmanci. Ta kuma ce in gaya maka ɗaya ɓangaren: ko a hannun gwani ana samun tsautsayi, yawancin dishewar murya bayan aiki takan wuce, kuma labarin Lyle labarin mutum ɗaya ne. Ba wanda zai ba ka tabbas. Amma kana iya rage haɗarin, kai kuma da muryar kake ci.

Ban ce Dokta Pavlik bai iya ba. Ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, tunda karsana ka tambaya. Likitan da zai buɗe cikin mutum a ranar ƙanƙara ya tsayar da jini, gari ya riƙe shi da hannu biyu. Sai dai wancan gwaninta daban, bin siririyar jijiya a wuya daban. Godiyar da kake masa gaskiya ce, amma ba da maƙogwaronka za ka biya ta ba, kuma ban yi zaton ya taɓa neman haka ba.

Kada ka bi ta bayansa. Abin da zai ƙona masa rai shi ne ya ji a bakin matarsa cewa ɗan Emil ya kwashe takardunsa. Ka nemi ganinsa a ofis cikin makon nan, ba a coci ba, ba a kasuwa ba. Tunda ka san bakinka, rubuta tambayoyin a takarda ka miƙa masa kafin ka zauna. Guda nawa yake yi a shekara, nawa ne cikin waɗanda ya yi wa muryarsu ba ta dawo ba, ya saba cire ƙululan gefen wuya, kuma jinkirin 'yan makonni zai cutar da kai ko a'a. Ta ƙarshe ita ce babba: da ɗansa ne, kuma da murya yake ciyar da gidansa, wa zai tura shi wurinsa? Neman ra'ayin likita na biyu abu ne na yau da kullum, su kansu suna yi. Zai yiwu ma ya ɗaga waya ya samo maka ganin likitar Omaha da wuri fiye da yadda ka samo daga bayan kasuwa. In ka je can, ita ma ka yi mata tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, don zama a birni ba shaida ba ne. Ka gaya mata sana'arka, ka nemi a duba muryarka kafin aiki. Ka kuma kira kamfanin inshorarka kafin ka tayar da mota.

Zai iya jin zafi, ba zan ɓoye maka ba. Dattijo ne, an ɗaga hannunsa a gaban jama'a. Wataƙila ya daina yi maka inkiya da hula na ɗan lokaci, wasu mata kuma su yi ƙus-ƙus. Wannan ciwo ne da ke warkewa. In kuwa ya ba ka amsoshin da suka gamsar da kai, ka kwanta masa da zuciya ɗaya, ka ga ka huta da zullumi.

Maganar addu'a kuma, ɗana, amin ka ce, ba rantsuwa ka yi ba. Jama'ar nan lafiyarka suka roƙa. Ka sami fasto ka gaya masa halin da ake ciki, zai sake yin wata, ba ta ƙarewa. Asibitinku ma bai rasa ka ba. Bayan aikin akwai gwajin jini da magani da dubawa na tsawon rai, duk a gida za ka yi su. Matan da suka raba kwanakin abinci kuwa, ka ba su aikin da kuke buƙata da gaske: su kwana da surukarka dare biyu ko uku. Za ka ga ana rububin rubuta suna.

Amma kafin duk wannan, Marlys. Ka rubuto wa tsohuwar da ba ka taɓa gani ba abin da kake tsoro, matarka kuma ka ce mata wasa kake yi. Ita gani take kana neman ƙara wa ciwo kwana saboda wani abu da ka karanta a waya. Ba ta san abin da kake gani in ka rufe ido ba. Ka zaunar da ita yau ka gaya mata kamar yadda ka gaya mini, ka kuma roƙe ta ta raka ka ofishin, don ta ji da kunnenta abin da zai ce game da jinkiri. In bakinka ya sake karkata wajen shanu, ta taka maka ƙafa.

Nan da shekara ɗaya ba wanda zai tuna a wane gari aka yi maka aiki. Kai ne za ka zauna da sakamakon. Saboda haka ka yi tambayarka da ladabi, ka tsaya har ka ji amsa.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa a yi a sa'a a hannun duk wanda ka zaɓa, ya bar maka muryarka. Ka gaida Marlys.

Goggo Verna